Mun ƙara ma'aikata, mun gindaya adadi, amma aikin sai ƙaruwa yake yi

Malam Sani:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wata matsala a wurin aikina da ta daɗe tana hana ni sakewa, kuma na ga a cikin wannan zauren akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar gudanarwa, shi ya sa na ce bari in baje ta a gabanku. Ni ne nake kula da sashen da ke karɓar buƙatu da ƙorafe-ƙorafen jama'a a wata hukuma da ba sai na ambaci sunanta ba. Wajen shekara biyu da suka wuce takardun da ke jiran amsa suka fara taruwa, har ta kai mutum ya shigar da buƙatarsa ya yi watanni bai ji komai ba. Shugabanni suka zauna suka yanke shawara biyu: a ɗauki ƙarin ma'aikata, sannan a gindaya wa kowane ma'aikaci adadin fayil ɗin da zai rufe a mako, a kuma riƙa liƙa sakamakon kowa a allo. A watannin farko alƙaluma sun yi kyau, har an yaba mana a taro. Amma yau da nake rubuta wannan, takardun da ke jira sun fi na da yawa, biyu daga cikin ma'aikatan da suka fi ƙwarewa sun nemi a canza musu sashe, kuma mutanen da ke zuwa ofishin a fusace suke shigowa tun daga bakin ƙofa.

Wani abokina ya ce abin da nake buƙata shi ne tunanin tsari, wato in daina kallon kowane ɓangare shi kaɗai, in dubi yadda ɓangarorin suke tasiri a kan juna. Na ji maganar ta yi mini daɗi a kunne, amma ban ga yadda za ta rage mini ko fayil ɗaya ba. Shin akwai abin da mai aiki irina zai ɗauka daga wannan fanni ya yi amfani da shi ranar Litinin da safe, ko kuwa magana ce ta ɗakin taro kawai?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin in ce komai, ina son ka amsa mini tambaya ɗaya: idan ma'aikaci ya ce ya rufe fayil, me ake nufi takamaimai? Ana nufin an biya wa mai buƙata buƙatarsa, ko kuwa ana nufin an aika masa da amsa kowace iri ce?

Malam Sani:
Ana ɗaukar fayil a matsayin rufaffe da zarar an aika wa mai shi da wasiƙar amsa. Ko da wasiƙar cewa ta yi takardunsa ba su cika ba, ya je ya kawo saura, fayil ɗin ya rufu ke nan. Idan ya dawo da sauran takardun, sai a buɗe masa sabon fayil da sabuwar lamba.

Injiniya Hadiza:
To, ina ganin ka riga ka faɗi rabin amsar da bakinka. Ka ɗauki aikin da ya taru a matsayin ruwa a cikin tanki. Akwai famfon da ke zuba ruwa a ciki, wato sababbin buƙatu, akwai kuma bututun da ke fitar da shi, wato fayil ɗin da aka kammala. Yawan ruwan da ke cikin tanki ba ya raguwa sai abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, kuma shugabanninku sun zuba ido ne a kan bututun fita kaɗai. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, bututun fitar nan ya lanƙwasa ya koma yana zuba a bakin tankin. Ma'aikacin da aka ce sai ya rufe adadi kaza a mako, idan ya ci karo da fayil mai wuya da zai cinye masa yini guda, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya nemo wata takarda da ta yi ƙaranci ya mayar da mai ita. A allo an rubuta masa ya rufe ɗaya, amma a zahiri ya haifar da wani sabo, ya kuma haɗa da kiran waya da zuwa ofis da mutumin zai yi don jin inda aka kwana, waɗanda su ma lokacin ma'aikata suke ci. Aiki ya ƙaru, matsin lamba ya ƙaru, saurin mayar da mutane ya ƙaru, aiki ya sake ƙaruwa. Wannan shi ne abin da masu wannan fanni suke kira zagaye mai ƙarfafa kansa. Wani masanin gudanarwa ɗan Birtaniya, John Seddon, ya ware irin wannan aikin ya ba shi suna na kansa, wato buƙatar da gazawa ta haifar, don a bambanta shi da buƙatar da mutane suka zo da ita tun asali.

Game da ƙarin ma'aikata kuwa, akwai jinkiri a ciki wanda ba a cika lissafawa ba. Sabon ma'aikaci ba ya fara rage aiki ranar da ya zo. Tsofaffin ne za su ajiye nasu su koya masa, su duba abin da ya yi, su gyara kurakuransa, kuma su ɗin ne dai ake auna su da adadin mako. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara makarar da shi yake yi. Ba na mamakin cewa ƙwararrunku ne suka fara neman tafiya, domin su ne nauyin ya fi dannewa ta fuska biyu.

Dakta Bashir:
Bayanin Injiniya ya yi daidai da yadda fannin ya faro. Jay Forrester, injiniya ne a jami'ar MIT ta Amurka, ya koma makarantar gudanarwa ta jami'ar a 1956. Wasu manajojin kamfanin General Electric suka kawo masa kukan cewa masana'antunsu na kayan lantarkin gida a jihar Kentucky suna fama da wani yanayi mai maimaita kansa kusan duk shekara uku: a ɗauki ma'aikata da yawa ana aiki ba dare ba rana, can kuma a sallame su saboda babu aiki. Su a ganinsu hawa da saukar kasuwa ne. Forrester ya ɗauki fensir da takarda ya bi yadda suke yanke shawara a kan odar kaya da ajiya da ɗaukar ma'aikata, mako bayan mako, sai ya nuna cewa ƙa'idojinsu da jinkirin da ke tsakanin matakan sun isa su haifar da wannan tangal-tangal ɗin ko da kasuwa ba ta motsa ba. Abin da suke ɗora wa waje a cikin gida ake ƙera shi.

Batun allon da ake liƙa sakamako kuma yana da nasa tarihin. Charles Goodhart, masanin tattalin arziki da ya yi aiki da Babban Bankin Ingila, ya lura a 1975 cewa duk wani ma'auni da hukuma ta mayar abin da za a cimma, to ya daina auna gaskiyar abin da yake aunawa a da. Misalin da na fi so shi ne na birnin Hanoi a 1902, lokacin mulkin Faransa. Ɓeraye sun cika magudanan ruwan da Turawan suka gina, ana tsoron annoba, sai hukuma ta ce za ta biya lada a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa, amma ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a gari, domin masu kamawa sun gane cewa ɓeran da aka sake zai haifi wasu masu wutsiya, har aka gano masu kiwon ɓeraye a bayan gari. Malam Sani, wasiƙar da ke cewa takardu ba su cika ba ita ce wutsiyar a ofishinku.

Alhaji Garba:
Na karanta bayanan nan duka, kuma ba na musun cewa akwai hikima a ciki, amma ku yi mini uzuri in faɗi abin da ke raina. Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin gudanarwa kafin in yi ritaya, kuma na ga yadda kalmar tsari take zama mafakar malalaci. Da zarar an ce laifin tsari ne, to babu wanda za a kira a tambaya, domin tsari ba shi da ofis, ba shi da lambar ma'aikaci, ba a iya ba shi takardar gargaɗi. Ma'aikacin da ya ga fayil mai wuya ya mayar da mai shi da gangan don ya cika adadinsa ya san abin da yake yi, kuma ya ci amanar wanda ya zo wurinsa. A zamaninmu da an kama mutum biyu an hukunta su, sauran za su shiga taitayinsu. Ban ga dalilin da zai sa a zana da'ira da kibau a kan abin da horo zai magance ba.

Dakta Bashir:
Ranka ya daɗe, ban ce ma'aikacin ba shi da laifi ba, kuma damuwarka tana da tushe, domin akwai masu fakewa da wannan harshe. Sai dai akwai abin da ya faru a bankin Wells Fargo na Amurka da ya dace da maganarka. An gindaya wa ma'aikatan rassa adadin asusu da katunan da za su buɗe wa abokan hulɗa, adadin da ya yi tsanani ƙwarai, sai suka riƙa buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. Bankin ya bi hanyar da ka ambata, ya yi ta korar waɗanda aka kama, har yawansu ya kai kimanin 5,300 a cikin 'yan shekaru, amma abin bai tsaya ba, domin duk wanda aka ɗauka a madadinsu adadin nan ne yake jiransa a kan tebur. Sai da hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185 a watan Satumba na 2016, shugabansa John Stumpf ya sauka a watan da ya biyo baya, aka kuma soke wannan adadin sayarwa a rassan. Idan mutum ɗaya ya yi abu, a tambaye shi. Idan mutum dubu biyar a rassa daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, suka yi abu iri ɗaya, to ruwa ba ya tsami banza. Kuma ka lura, kallon tsarin bai wanke kowa ba, ya ɗaga tambayar ne daga kan mai zama a kantar banki ya kai ta kan wanda ya rubuta adadin, wanda a da babu mai tambayarsa.

Alhaji Garba:
Dakta, wannan misalin ya shige ni, musamman da ka ce tambayar ta hau sama. Idan haka ake nufi, to ba mu yi nisa da juna ba. Amma ina nan a kan cewa dole a bar wa horo gurbinsa, domin ko an cire adadin gaba ɗaya za a sami wanda ba ya son aiki, kuma wannan ba zane ne zai gyara shi ba.

Injiniya Hadiza:
Gaskiya ne, Alhaji, kuma harkar jiragen sama ta nuna cewa ana iya haɗa biyun. Tun 1976 Amurka take da tsarin da matuƙa jirgi da masu kula da zirga-zirgar sama suke kai rahoton kuskurensu a asirce, kuma hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ce take karɓa, ba hukumar da ke hukunta su ba, don mutum ya faɗi gaskiya ba tare da fargaba ba. Amma kariyar ba ta shafi wanda ya aikata laifi da gangan ba. Abin da aka raba shi ne kuskuren da kowa zai iya faɗawa ciki a wannan yanayin, da ganganci. Na farkon ana tattara shi ne don a gyara yanayin, na biyun kuma yana nan a hannun masu horo.

Malama Rukayya:
Ni ta wani ɓangare nake son in shigo, domin aikina da ƙungiyoyin al'umma ne, kuma abin da na fi cin karo da shi ba lissafin shiga da fita ba ne. Duk bayanin da aka yi zuwa yanzu ya ɗauka cewa an yarda da mece ce matsalar, wato takardu sun taru, saura a gano dalili. To amma matsalar wa? A wurin shugabannin Malam Sani matsalar ita ce alƙaluman da za su kai wa na sama da su. A wurin ma'aikaci matsalar ita ce sunansa a ƙasan allo. A wurin mai buƙata kuwa, shi ko fayil dubu ne suka taru bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne ya zo sau huɗu kuma kowane zuwa da sabon sharaɗi. Ƙila ma akwai wani sashe a hukumar da taruwar take yi wa daɗi, domin muddin takardu suna maƙale a wurin Malam Sani, ba su iso teburinsu ba.

Horst Rittel da Melvin Webber na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun yi rubutu a 1973 a kan irin waɗannan matsaloli na tsara manufofin jama'a, suka bambanta su da matsalolin lissafi ko na injiniya. Daga cikin siffofin da suka lissafa akwai cewa ba su da ƙayyadadden bayani da kowa ya amince da shi, domin yadda ka bayyana matsalar ya riga ya zaɓa maka maganinta. Babu lokacin da za a ce an gama, sai dai kuɗi ko lokaci ko haƙuri ya ƙare. Maganinsu ba a cewa daidai ne ko kuskure, sai dai a ce ya fi ko bai kai ba. Sannan kowane gwaji yana barin tabo, domin a kan mutane ake yin sa. Russell Ackoff, wani masanin gudanarwa ɗan Amurka, shi ma ya yi ta nanata cewa manajoji ba matsaloli rarrabe suke samu a gabansu ba, cakuɗaɗɗen tarin matsaloli ne masu riƙe da juna, kuma wanda ya zaro ɗaya ya warware ta shi kaɗai yakan dagula sauran.

Wanda ya fi ba ni abin aiki a hannu shi ne Peter Checkland. Ya yi shekaru yana manaja a masana'anta kafin ya koma jami'ar Lancaster ta Ingila a 1969, inda shi da abokan aikinsa suka yi ƙoƙarin amfani da hanyoyin injiniya a kan matsalolin hukumomi suka ga ba sa ci, saboda injiniya yana farawa ne da manufar da aka riga aka sani, alhali a hukuma manufar ce abin jayayya. Sai ya sauya hanya. Maimakon a ce ga tsarin nan a waje mu zana shi, sai a tara masu ruwa da tsaki su zana halin da ake ciki a babbar takarda, da hotuna da kibau da alamun inda ake rikici, sannan a rubuta bayanin aikin ta mahangar kowane ɓangare: wa ke amfana ko cutuwa, wa ke yin aikin, me ake sauyawa zuwa me, wane ra'ayi ne ya sa aikin yake da ma'ana, wa ke da ikon dakatar da shi, kuma waɗanne sharuɗɗa ne ba a iya taɓawa. Ba a neman kowa ya yarda da kowa, ana neman matakin da ɓangarorin za su iya zama da shi ne.

Na taɓa yin wannan zanen da wata ƙungiya, kuma abin da ba zan manta ba shi ne, mai ajiye rajistar baƙi, wanda ba a taɓa gayyatarsa taro ba, shi ne ya tashi ya karɓi alƙalami ya ja kibiya daga ƙofar fita ya mayar da ita ƙofar shiga, ya ce fuskokin da yake gani kullum su ne dai na makon jiya. Manyan da ke ɗakin sun yi shiru na ɗan lokaci, domin babu rahoton da ya taɓa nuna musu haka.

Yusuf:
Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne, kuma tambayata ita ce, idan kowane abu yana haɗe da wani, a ina za a tsaya? Takardun Malam Sani suna da alaƙa da dokar da ta kafa hukumar, dokar tana da alaƙa da kasafin kuɗi, kasafin yana da alaƙa da siyasa. Ina tsoron mutum ya yi ta faɗaɗa zanen har ya gaji bai taɓa komai ba.

Dakta Bashir:
Yusuf, tambayarka ita ce mafi wuya a fannin, kuma babu ƙa'idar lissafi da za ta amsa ta. Iyakar tsari mutum ne yake shata ta, ba a tsintarta a ƙasa. Masanan wannan fanni C. West Churchman da ɗalibinsa Werner Ulrich sun gina aikinsu a kan wannan, suna cewa tunda dole ne a shata iyaka, to a fito fili a faɗi wa aka sa a ciki, wa aka bari a waje, kuma wa zai ɗauki sakamakon ba tare da an ji ta bakinsa ba. Birnin Meziko ya kafa doka a 1989 da ta hana kowace mota fita rana ɗaya a mako gwargwadon lambar ƙarshe ta farantinta, don rage gurɓatar iska. Iyakar da masu dokar suka shata ta tsaya a kan motocin da ke akwai a ranar. Ba ta haɗa da shawarar da magidanci zai yanke ba, kuma da yawa daga masu hali sai suka sayi mota ta biyu mai wata lamba, galibi tsohuwa mai hayaƙi. Binciken da masanin tattalin arziki Lucas Davis ya wallafa a 2008 bai sami shaidar cewa iskar ta gyaru saboda dokar ba. Da an matsar da iyakar taki ɗaya kawai, da an hango hakan. A aikace, shawarata ita ce ka faɗaɗa zanen har sai ka ga inda sakamakon matakinka yake dawowa ya same ka, sannan ka tsaya a nan ka fara aiki. A wurin Malam Sani zagayen yana rufewa ne a bakin ƙofar ofishinsa, don haka ba ya buƙatar ya kai ga majalisa.

Injiniya Hadiza:
In ƙara a kan wannan, Donella Meadows, wata masaniyar wannan fanni 'yar Amurka, ta jera wurare goma sha biyu da ake iya sa hannu a tsari, daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi. A can ƙasa ta sa sauya lambobi, kamar yawan ma'aikata ko girman kasafi, kuma a nan ne hukumomi suka fi ɓata ƙarfinsu. Sama da su akwai wanda yake samun wane bayani, sai ƙa'idoji, sai manufar tsarin kanta. Malam Sani ba shi da ikon sauya doka, amma ƙila yana da ikon sauya abin da ake ƙirgawa a sashensa da kuma wanda yake ganinsa.

Malama Rukayya:
Sai dai a yi hattara kada gyaran ya sake saukowa daga sama kamar na farko. Elinor Ostrom, wadda ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, kamar makiyayar wani ƙauye a tsaunukan Suwizalan da hanyoyin ban ruwa na yankin Balensiya a Sifen. Daga cikin abin da ta gano a waɗanda suka ɗore akwai cewa waɗanda ƙa'ida ta shafa suna da hannu wajen tsara ta da gyara ta, masu sa ido suna da alhaki a gabansu, kuma hukunci yana hawa ne mataki-mataki. Wannan na ƙarshen ma ya yi daidai da abin da Alhaji yake karewa. Idan Malam Sani ya zauna shi kaɗai ya ƙirƙiro sabon ma'auni ya liƙa a allo, ma'aikata za su gano wutsiyarsa cikin wata guda, domin sun fi shi sanin lungunan aikin.

Malam Sani:
Na gode muku ƙwarai, kuma ku yi haƙuri da shirun da na yi na kwanaki, na tsaya ne in gwada wani abu kafin in dawo. Na ɗauki fayil ɗin da aka buɗe a mako guda na zauna da ma'aikata biyu muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna duba sunan mai shi a tsohuwar rajista. Ba mu yi amfani da kwamfuta ba, domin manhajarmu lambar fayil take bi, ba ta san mutum ba, kuma ina ganin wannan kansa yana cikin abin da ya rufe mana ido. Muka ware su kashi biyu a kan tebur, na masu zuwan fari a dama, na masu dawowa a hagu. Kafin mu kai rabi tarin hagu ya riga ya kere na dama. Akwai mutum ɗaya da muka samu da lambobi huɗu a kan buƙata guda, kuma a allonmu an lissafa shi a matsayin nasara sau uku.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, yawancin waɗanda aka mayar takarda iri ɗaya ce ta hana su, kuma fom ɗin da muke ba mutane bai ambace ta ba ko kaɗan, domin an ƙara sharaɗin ne bayan an buga fom ɗin. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ta ce ta faɗi haka tun bara, aka ce mata buga fom ba aikin sashenmu ba ne. Na duba, kuma gaskiya ne, wani sashe ne yake bugawa, su kuma ba su taɓa ganin layin da ke ƙofarmu ba.

Alhaji Garba:
To, Malam Sani, yanzu ka zo inda nake da abin cewa. Kada ka shiga wurin shugabanka da zane mai kibau, kuma kada ka ce masa adadin da ya gindaya ne ya jawo wannan, domin shi ya sa hannu a kansa a gaban jama'a, kuma babu shugaban da zai janye a ranar da aka nuna masa kuskurensa. Ka ɗauki fayil huɗun nan na mutum ɗaya ka ajiye masa a tebur, ka bar shi ya buɗe da hannunsa. Sannan ka nemi abu ƙarami da zai iya amincewa da shi ba tare da ya ji kunya ba: a ba ka izinin gwaji na wata uku, inda mai dawowa zai riƙe lambarsa ta farko, kuma ba za a ce an rufe ba sai an gama da shi. Ka gaya masa tun yanzu, a rubuce, cewa alƙaluman allo za su faɗi a makonnin farko, domin idan ba ka faɗa ba, ranar da suka faɗi kai za a kira.

Malam Sani:
Na karɓi wannan shawara, Alhaji, kuma zan rubuta takardar a daren nan. Malama Rukayya, ina so in kira zaman zanen da kika bayyana kafin in kai masa, in gayyaci mai gadin ƙofa da wani daga sashen da ke buga fom. Abin da ban yanke ba shi ne ko in sa shugaban sashen nasu a ciki tun zaman farko, domin ina tsoron idan yana ɗakin yaransa ba za su buɗe baki ba.

Malama Rukayya:
Ka je ka same shi tukuna kai kaɗai, ka nemi izininsa ya ba ka mutum ɗaya, ka kuma yi masa alkawarin cewa shi ne zai fara ganin abin da aka zana kafin ya kai ga kowa. Zaman farko ka bar shi na masu taɓa takardun da hannunsu, shi kuma ka kira shi a na biyu. Ka tanadi babbar takarda da alƙalami fiye da ɗaya, kuma kada ka riƙe ko ɗaya daga cikinsu a rabin sa'ar farko.